Rijiyar Rachel North da Masu Cinikin Tsammani



Can a kudancin tekun Atalantika akwai tsibiran Fakland, waɗanda Ingila da Ajantina suka gwabza yaƙi a kansu cikin 1982. A farkon 2010 aka jawo wata na'urar haƙa mai suna Ocean Guardian zuwa ruwan da ke arewa da tsibiran, domin neman man fetur. Cikin kamfanonin da suka yi hayarta har da Desire Petroleum, wani ƙaramin kamfani na Ingila wanda bai taɓa sayar da ko ganga ɗaya ta mai ba. Duk da haka jama'a suka yi ta rububin hannun jarinsa a kasuwar Landan, akasarinsu kuwa ba attajirai ba ne, masu ɗan abin ajiya ne.

To, me suke saye? Tsammani kurum. Rijiyar farko, watau Liz, ba ta yi albarka ba. Amma da maƙwabcinsa Rockhopper ya dace da mai a rijiyar Sea Lion cikin watan Mayu, sai zukata suka sake kwaɗaituwa.

Ran Alhamis 2 ga Disamba 2010, Desire ya ba da sanarwa cewa ya sami mai a rijiyar Rachel North. Nan take farashi ya yi sama. Ran Litinin 6 ga wata kuma sai ga wata sanarwa, cewa abin da ke gudana cikin dutsen ruwa ne. A yinin nan kaɗai hannun jarin ya zubar da kusan rabin darajarsa.

Ya kamata a fahimci yadda haka ke faruwa, domin ba lalle sai an yi ƙarya ba. Awon farko, na'ura ake zurawa cikin rami ta auna duwatsu, masana su fassara abin da ta nuna. Dutse yana iya riƙe burbushin mai alhali kuwa ruwa ne ya cika ƙofofinsa, kamar tulun da aka taɓa ajiye man gyaɗa a ciki, ƙanshin bai fita ba. Sai an ɗebo abin da ke ciki an gwada sa'an nan magana ke tabbata. Kasuwa kuwa ba ta jira ba, ta yanke farashi tsakanin awo da gwaji, kuma wanda ya saya ran Juma'a shi ya ɗauki asarar.

Desire bai sake komawa matsayinsa na dā ba. Cikin 2013 kamfanin Falkland Oil and Gas ya haɗiye shi, a 2016 kuma shi ma ya narke cikin Rockhopper.