Lungunan Teku Da Abincin Masunta: Darasi Daga Bodo



Mun san wasu za su yi mamakin abin da ya kai mu maganar teku, alhali kuwa yawancinmu ba mu taɓa ganinta ba. Babban ruwan da muka sani shi ne Kwara a Yawuri, ko Binuwai a Yola, ko kuwa tafkin Cadi. To, dalilanmu biyu ne. Na farko, kuɗin mai da ake raba wa jihohi kowane wata, wanda a cikinsa ake biyan albashi ana kuma tallafa wa karatunmu, daga ƙasar mutanen da za mu yi magana a kansu ya ke fitowa. Na biyu, gobe mu ne za mu zauna kan kujerun da ake sa hannu a takardun ayyukan gyara irin wanda za mu bayyana. Saboda haka ya kamata mu san abin da za mu sa wa hannu tun kafin a miƙo mana alƙalami.

Bari mu fara da wurin. Kafin kogin Kwara ya faɗa teku, sai ya rarrabu rassa rassa, ya bar ɗaruruwan lunguna marasa zurfi inda ruwan daɗi da na gishiri su ke cuɗanya. Sau biyu a kowace rana teku takan cika ta turo ruwa cikin lungunan nan, bayan kamar awa shida kuma ta janye ta bar fili na baƙin taɓo. A bakin wannan taɓo ne wani irin itace ya ke fitowa, wanda gishiri ba ya kashe shi, ana kiransa mangurof. Kada kunne ya ruɗe mu, ba shi da dangantaka da mangwaro. Saiwoyinsa daga jikin gangar su ke fitowa, su lanƙwaso su caki taɓo, har ka ce itacen a kan ƙafafu ya ke tsaye. Da ya ke babu iska a cikin taɓon, ta ƙananan ƙofofin da ke jikin waɗannan saiwoyi ya ke numfashi. A duk Afirka babu ƙasar da ta kai Nijeriya yawan dajin wannan itace.

Abin da ya haɗa itacen nan da su kuwa shi ne, ganyensa yana zuba ya ruɓe ya zama abincin ƙananan halittu, su kuma su zama abincin 'ya'yan kifi. Sarƙaƙiyar saiwoyin ta zama maɓoya, inda babban kifi ba ya iya kutsawa ya cinye ƙanana. Kifaye iri iri da jatan lande a nan su ke yin ƙuruciyarsu, sai sun yi ƙwari su fita teku. Watau lungun nan shi ne ɗakin reno na teku. Maza sukan shiga da kwalekwale su jefa birgi, ko su kafa taru a bakin lungu su jira ruwa ya janye. Mata kuwa ba su bukatar jirgi: da ruwa ya janye sai su shiga taɓo da ƙafa da kwando, su tsinci ƙananan dodon-koɗi, su kama ƙaguwa, su ɓamɓaro kawa daga jikin saiwoyi. Gwauruwar da ba ta da gona ba ta da jari, da wannan tsintuwa ta ke ciyar da 'ya'yanta ta biya musu kuɗin makaranta. Mu riƙe wannan mace a zuciya, domin za mu komo kanta.

Garin Bodo yana ƙasar Ogoni, cikin ƙaramar hukumar Gokana ta Jihar Ribas. Tun 1993 kamfanin Shell ya daina haƙo mai a ƙasar Ogoni saboda tirjiyar mutanen wurin, tirjiyar da ta kai ga rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas ran 10 ga Nuwamba, 1995. Amma babban bututun da ke ɗaukar ɗanyen mai zuwa Boni bai daina ratsa ƙasar ba. A cikin 2008 bututun ya fashe har sau biyu a yankin Bodo, kowane karo kuma mai ya yi makonni yana kwarara kafin a toshe, na biyun ma sai da ya shiga 2009. Cikar teku, wadda ita ce ke kawo wa masunta kifi, ita ce ta ɗauki man ta kai shi kowane saƙo. Ya lulluɓe saiwoyi ya toshe ƙofofin numfashinsu, ya kuma bi ramukan ƙaguwa ya nutse cikin taɓo. Dajin da ya mutu ya kai kimanin hekta 1,000.

Mutanen Bodo suka kai ƙara Landan. A 2011 kamfanin ya amsa alhakin fashewar, a watan Janairu na 2015 kuma aka daidaita a kan fam miliyan 55. Aka ware miliyan 35 don mutane kimanin 15,600, yawancinsu masunta, miliyan 20 kuma don al'umma baki ɗaya. Kowane mutum ya tashi da wajen fam 2,200. Lalle wannan nasara ce, ba mu raina ta ba. Sai dai mu tambayi kanmu: in aka ƙone wa manomi gonarsa ta yadda ba za ta ƙara tsiro ba shekara ashirin, aka ba shi kuɗin hatsin 'yan shekaru, an biya shi ke nan? Diyya takan ƙare, ciki kuwa kullum sai ya nema. Shi ya sa gyaran gaɓar ruwan ya fi diyyar muhimmanci.

A watan Agusta na 2011 Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto a kan ƙasar Ogoni. Ta ce gyaran zai iya cin shekara 25 zuwa 30, ta kuma ba da shawara a fara da dala biliyan ɗaya don shekara biyar na farko. A watan Yuni na 2016 Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya je Bodo ya ƙaddamar da aikin gwamnati, wanda hukumar HYPREP ta ɗauki nauyinsa. A gefe guda kuma aka yi wani zaman sulhu tsakanin kamfanin da mutanen gari, wanda ya kai ga soma share lungunan Bodo a 2017, watau kusan shekara tara bayan ɓarnar.

Yaya ake gyara irin wannan wuri? Hawa uku ne. Da farko a kwashe man da ke yawo a bisa ruwa. Sa'an nan a shiga taɓo da mesa a riƙa tura ruwa a hankali, man da ya nutse ya taso, a tare shi a kwashe. Daga ƙarshe a dasa itace. Shi mangurof ɗansa a kan uwa ya ke tsirowa, ya yi tsawo kamar alƙalami, in ya faɗo ya caki taɓo ya kama. To, inda iyayen suka mutu babu mai zubo 'ya'ya, dole a reno su a wani wuri a kawo.

A nan ne ya kamata mu faɗi gaskiyar da ba a cika faɗa a ranar bikin buɗe aiki ba, watau gyara da kansa yana taɓa masunci kafin ya amfane shi. Man da aka tayar daga taɓo yakan sake gurɓata ruwa na ɗan lokaci. Takun ma'aikata da zirga-zirgar jiragen inji sukan dama wurin. Inda aka yi sabon dashe kuma dole a rage shiga, don kada a tattake shi ko taru ya tuge shi. Namiji mai ƙarfi yana iya samun aikin lada a wurin sharar, mai jirgin inji yana iya nausawa can teku. Amma matar nan mai kwando fa? Ita ƙafarta ce jirginta, iyakarta inda za ta iya takawa ta komo kafin ruwa ya dawo. Ita ce ta fara asara ranar da mai ya zubo, ita ce kuma za a fara hanawa ranar da aka killace wurin. Duk shirin gyaran da bai tanadi abin da za ta ci a tsakanin dashe da girman itace ba, da hannunsa ya tura ta ta karya doka.

Amfanin kuwa a hankali ya ke zuwa. In taɓo ya tsarkaka, ƙaguwa takan komo ta haƙa ramuka, ramukan su shigar da iska cikin ƙasa. Dodon-koɗi ya biyo baya. Sai dashe ya yi shekaru ya fitar da saiwoyi kafin kawa ta sami abin maƙalewa, 'ya'yan kifi su sami maɓoya. Dajin da zai yi kama da na da, sai an yi haƙurin shekaru goma sha ko fiye. Ga kuma abubuwa uku da ke iya mai da hannun agogo baya.

Na farko, sabon mai. In bututu ya tsufa ba a canja shi ba, ko kuwa matasan da su ya gagare su suka koma fasa bututu suna dafa mai a daji suna zubar da dattinsa a ruwa, to, an yi wanka ne an koma cikin turɓaya. Na biyu, wani baƙon itace mai kama da kwakwa, ana ce masa nipa, wanda aka kawo Kalaba daga Singafo a 1906. Shi kam da ya sami fili sai ya mamaye, ga shi ba shi da saiwoyin da kawa za ta kama. Wurin da aka share aka bari ba tsaro, nipa ce za ta gāje shi. Na uku, wanda ya fi shafarmu, shi ne ciwon ƙidaya.

Wannan ciwo mun san shi a gida. Kowace damina akan yi bikin dashen itatuwa a Arewa don tare hamada. Babban baƙo ya dasa, a yi tafi, a ɗauki hoto, a rubuta dubbai a rahoto. Kafin bazara awaki sun gama da su, ba kuwa wanda zai koma ya ƙirga saura nawa. Haka ma a bakin teku. Kowane irin mangurof yana da iyakar zurfin da ya ke jurewa. In aka dasa shi inda ruwa ke daɗewa a kansa sai ya nutse, in aka kai shi tudu sai ya bushe. Ɗan kwangilar da ake biya bisa yawan abin da ya caka a taɓo ba ruwansa da wannan. Masuncin da aka haifa a wurin kuwa ya san iyakar ruwa a kowane wata, domin mai ɗaki shi ya san inda ya ke yoyo.

Akwai misali a Senegal. Tun daga 2006 ƙungiyar Oceanium, a ƙarƙashin Haidar El Ali, ta shiga ƙauyukan Kasamans da Salum, mutanen ƙauyuka da kansu suka tara iri suka dasa miliyoyin itatuwa. Ba duka suka rayu ba, amma masu dashen su ne masu cin kifin wurin, saboda haka suna da dalilin tsaron abin da suka dasa. Mu ma ba baƙi ba ne ga wannan hikima. A Argungu ana hana su a Matan Fada sai ranar biki, mutane kuma suna kiyayewa, domin dokar daga cikinsu ta fito, sun kuma san ranar da za a buɗe. Hani irin wannan, mai wa'adi, mai shugabanni na gida, shi ya dace da lungunan Bodo.

To, 'yan'uwa, ga abin da mu ke roƙo. Ranar da fayil irin wannan ya iso teburin ɗayanmu, kada ya tsaya ga tambayar itace nawa aka dasa. Ya tambaya nawa ne ke raye bayan shekara uku, wa kuma ya je ya gani da idonsa. Ya tambaya ko an riƙe wani kashi na kuɗin ɗan kwangila sai dashe ya kama. Ya tambaya ko an zauna da mata masu tsintuwa kafin a killace wuri, da abin da aka tanadar musu. Ya nemi a riƙa auna abin da kwalekwale da kwando su ke kawowa bakin gaɓa wata wata, domin wannan shi ne ma'aunin da ba ya ƙarya. Aikin da rahotonsa ya cika amma kwandon matar nan bai cika ba, ba a gama shi ba tukuna.

 Allah ya ba mu ikon riƙe amanar da ke jiranmu.