Koyar da Turanci a Ajin da Ɗalibai Suka Sha Bamban

Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba halin da malamin Turanci yake shiga a aji ɗaya na ƙaramar sakandare a ƙasar Hausa. Tun daga 1976, lokacin da aka soma shirin ilmin firamare kyauta ga kowa a Nijeriya, yaran da ke zuwa sakandare suka daina zama iri ɗaya. A benci guda za a tarar da ɗan ma'aikaci da ya tashi yana jin Turanci a gida, da yaron da ya sauke Alƙur'ani a makarantar allo, hannunsa ya saba da rubutu daga dama zuwa hagu, da kuma wanda ya gama firamare bai iya haɗa baƙi da wasali ba. Dukansu kuwa jarrabawa ɗaya ke jiransu, ta WAEC ko NECO, wadda sai da kiredit a Turancinta ake shiga jami'a.

Abu na farko da ya wajaba malami ya rarrabe shi ne kuskuren da ya taso daga Hausa da wanda ya taso daga lalura. Hausa tana da wasula biyar, dogaye da gajeru, da tagwayen wasula ai da au, alhali Turancin Ingila yana da sautukan wasali wajen 20. Hausa ba ta bambanta p da f, saboda haka yaro ya furta pan da fan iri ɗaya. Ba ta kuma jera sautukan baƙi biyu a farkon gaɓa, shi ya sa bread ta zama burodi. Duk wannan maimaici da sauraro suna gyara shi.

Amma akwai yaron da in an tambaye shi da baki sai ya ba da amsa mai ma'ana, da an ɗora masa takarda kuwa sai haruffa su rikice masa. Wannan lalurar ita masana ke kira disleksiya, kuma ba ta da dangantaka da ƙarancin basira. A nan malami Bahaushe yana da ma'auni mai araha, watau ya ba yaron shafin Hausar boko, inda kusan kowane harafi yake da sauti guda. In ya karanta sumul, matsalarsa ta Turanci ce. In ya yi ta tuntuɓe a nan ma, to ko dai ba a taɓa koya masa karatu sosai ba, ko kuwa lalurar ce. Ko wanne ne, bulala ba ta maganinsa, sai a komar da shi ga haɗa sauti da harafi, a kuma ƙara masa lokacin rubutu. Abin takaici, irin wannan yaro shi aka fi yi wa laƙabi da daƙiƙi.

Makafi sun daɗe da samun makarantarsu a Gindiri, tun 1953, inda ake karatu da rubutun Braille mai ɗigo shida. Dokar hana nuna bambanci ga naƙasassu da aka sa wa hannu a 2019 ta ƙarfafa haƙƙinsu na neman ilmi. Sai dai wanda aka fi mantawa da shi shi ne mai raunin ji kaɗan, wanda yake zaune a baya, malami kuwa yana magana fuskarsa na ga allo.

Sauran batun tara da akan ci ɗalibi don ya yi Hausa a aji. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970 ya nuna yaran da aka koyar da Yarbanci shekara shida ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba. Saboda haka babu laifi malami ya buɗe darasi da bayani kaɗan da Hausa, sa'an nan ya ba aji labari guda amma aiki daban-daban: wasu su tsamo kalmomi, wasu su jera jimloli bisa yadda labarin ya gudana, waɗanda suka yi nisa kuma su rubuta masa wani ƙarshe.