Azurfar Kaka: Kafin Ki Goge, Kafin Ki Sayar

  Yau dai ba girki za mu yi ba, ƙasan adaka za mu leƙa.

Abin da ya jawo maganar shi ne, kwanakin baya an yi rasuwa a maƙwabtanmu nan Tudun Wada, wata tsohuwa mai yawan shekaru, Allah ya jiƙanta. Da aka zo rabon gado aka buɗe adakarta, sai ga ƙullin tsumma a can ƙasa, ƙarƙashin zannuwan saƙi. Ana kwancewa sai ga sulalla da fataka, da wasu manyan kuɗi guda huɗu masu hoton wata mace mai ƙiba. Duk sun yi baƙi ƙirin. Jikarta, yarinya mai tsafta, ta ga ai abin kunya ne a kai su kasuwa a haka. Ta ɗauko toka da lemon tsami da soson ƙarfe, ta dirje su tas har suna ɗaukar ido. Da aka kai wa wanda ya san kan abin, ya juya su ya sake juyawa, sai ya ce, "Hajiya, wa ya wanke waɗannan?" Daga nan ya ce shi dai nauyin azurfar kawai zai biya, don an riga an kankare abin da zai sa ya ƙara. Kuma fa dukiyar magada ce, har da marayu a ciki. Yarinyar nan kwana ta yi tana kuka.

To, don kada hakan ta faru da ke, bari mu zauna mu koyi karanta kuɗin azurfa.

Mu fara da sule da fataka, tunda su suka fi yawa a ɗakunan tsofaffinmu. Bayan jirgin ƙasa ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, cinikin auduga da gyaɗa ya buɗe, manoma kuwa tsabar azurfa suke so a hannu. A 1912 Turawa suka kafa hukumar kuɗi ta ƙasashensu na Afirka ta Yamma, a 1913 aka fara buga mana namu taro da sisi da sule da fataka. A fuska akwai Sarkin Ingila Joji na biyar da kambi a kansa. A bayan sule da fataka kuma akwai itace mai kama da dabino, amma kwakwar manja ce, shekarar bugu tana rabe hagu da dama da gindinta. Wannan shekara ita za ki fara dubawa, uwargida. Daga 1913 zuwa 1919 azurfa ce mai kyau, kashi 92 da rabi cikin ɗari. Shekarar 1920 ita ce mai rikici, domin a lokacin azurfa ta yi tsada a duniya, aka buga wasu rabi azurfa rabi gami, sannan aka koma ga tagulla mai ruwan ɗorawa gaba ɗaya. Duk sulen Afirka ta Yamma da ya zo bayan 1920, babu azurfa a jikinsa. Haka nan sulen Nijeriya na 1959, wanda iyayenmu suka kashe har zuwan naira da kwabo a 1973. Fari ne fes, amma ko ƙwayar azurfa babu. Su anini da dari da kwabo masu huji a tsakiya da tauraro, su ma babu azurfa a jikinsu. A ba yara su ga tarihi, amma kada wani ya ruɗe ki da cewa za su saya miki gida.

Idan kuma sulen na Ingila ne kanta, don su ma sun shigo da yawa, lissafinsa daban. Kafin 1920 azurfa mai kyau ce, daga 1920 zuwa 1946 rabi ce, daga 1947 kuwa babu.

Sai babbar, mai hoton mace. Ita ce liyari, wadda fatake suka riƙa ketowa da ita ta Sahara tun kafin zuwan Bature, mata suka yi ado da ita, maƙeran fari suka narka ta suka yi mundaye da zobba. Matar da ke jiki sarauniyar ƙasar Ostiriya ce, Mariya Tereza, a baya kuma akwai gaggafa mai kai biyu. Yanzu ki saurara da kyau, don nan ne ake cin mutane. Za ki ga an rubuta 1780 a jiki, sai wani ya ce miki ai kuɗin nan ya haura shekara ɗari biyu. Ba lallai ba ne. A 1780 sarauniyar ta rasu, amma da yake 'yan kasuwar ƙasashen Larabawa da Habasha ba sa karɓar wani kuɗi sai mai wannan kama, aka ci gaba da buga shi da shekarar nan ba a canza ba. An buga a Biyana, an buga a Landan da Faris da Rum da Bombai, fiye da miliyan 300 aka buga, kuma Ostiriya ba ta daina ba. Kin ga ashe a jikin sule shekara gaskiya take faɗa miki, a jikin liyari kuwa ado ce kawai. Yawancin liyarin da ke hannunmu darajarsa ta azurfarsa ce, da ɗan ƙari in yana da kyan jiki.

To mene ne kyan jiki? Su waɗancan 'yan kasuwa na da suna da dabara. A kafaɗar sarauniyar akwai wani maɓallin ado da ƙananan duwatsu kewaye da shi, akwai kuma wasu a abin da ta ɗaura a goshi. Sai su sa yatsa su shafa, su ƙirga. In duwatsun suna nan ɗaya-ɗaya, su karɓa. In sun shafe sun zama sumul, su ce kuɗin ya sha hannu, ya rage nauyi, su rage masa daraja ko su ƙi shi. Masu tara tsoffin kuɗi na yau ma abin da suke yi ke nan, sai dai su sun sa masa lamba. A Amurka ma'auninsu daga 1 ne zuwa 70, wani mai suna Sheldon ya fito da shi a 1949. Na 1 shi ne wanda da ƙyar ake gane shi, na 70 kuwa kamar yau ya fito daga inji. Ke ba ki bukatar lamba. Ki fita tsakar gida da hantsi, ki riƙe kuɗin ta gefensa, kada ki danna yatsa a fuskarsa, ki karkata shi ga haske.

Abu uku ne ke sa zane ya dushe, kuma ido yakan haɗa su wuri guda alhali ba ɗaya ba ne. Na farko shan hannu. Shi daga tudu yake fara ci: kunci, gashi, kambin sarki, ganyen kwakwa. Wuraren nan za su yi sulɓi kamar bakin tsohuwar muciya, kwarin kuma yana nan da zanensa. Na biyu raunin bugu. Ai kuɗi buga shi ake yi tsakanin hatimi biyu na ƙarfe, kamar yadda ake danna hatimi a takarda, to wani lokaci inji bai danna sosai ba, ko hatimin ya tsufa. Sai ki ga wani sashe bai fito ba, amma filin da ke kewaye yana da wani sheƙi mai laushi da ke zagayawa in kin juya shi a haske. Wannan sheƙi daga gidan bugu yake, shi ne shaidar kuɗin bai yi yawo ba, shi ne kuma abin da masu tarawa ke biya da tsada. Shi ɗin ne dai soson ƙarfe ya kwashe a hannun yarinyar nan, kuma in ya tafi ya tafi ke nan, babu maƙerin da zai dawo da shi.

Na uku shi ne mugun, wato zubi. A samu liyari na gaske a danna a ƙasa ko yumɓu, a narka wani ƙarfe a zuba a gurbin. Na zubi haruffansa a kumbure suke kamar an rubuta da kunu, fuskarsa da ƙananan ramuka kamar yashi, wani lokaci ki ga layin haɗi a gefe. Liyari na gaske kuwa akwai rubutu da ado a kewayen gefensa, masu fitowa sarai. Ki duba nan tukuna, don nan ne jabu ya fi tona kansa.

Bayan ido sai kunne da sikeli. Ki ɗora kuɗin a kan ɗan yatsa, ki ɗan taɓa gefensa da fensir. Azurfa tana da amo siriri mai tsawo, dalma kuwa ƙwas za ki ji, shi ke nan. Kada dai ki jefa shi a siminti irin na mutanen da, lotsawa zai yi. Sannan a auna a sikelin masu sayar da gwal. Liyari giram 28 ne da ɗigo, azurfar da ke ciki kashi 83 cikin ɗari. Fataka giram 11 da ɗan kai, sule kuwa giram 5 da rabi da ɗan kai. Wanda ya sha hannu zai ɗan gaza kaɗan, amma in ya gaza da yawa, akwai magana. Wasu za su ce miki a gwada da maganaɗisu. Gaskiya ne ba ya kama azurfa, to amma sulen 1959 ma ba ya kama shi, saboda haka wannan gwaji rabin shaida ne.

Na san wata za ta ce, to ni nawa an huda shi, ko an liƙa masa kunne an sa a sarƙa. Masu tarawa za su rage masa kuɗi ƙwarai, wannan ba makawa. Amma azurfarsa tana nan, kuma ni a ganina liyarin da kakarki ta rataya ranar aurenta ya wuce a kai shi a narkar. In na ado ne kina sawa, ruwan ɗumi da sabulu mara ƙarfi sun isa, ki tsane da tsumma mai laushi ba tare da dirzawa ba. Wanda ba a huda ba kuwa, ki bar masa baƙinsa, ba dauɗa ba ce, haka azurfa take yi in ta daɗe tana shan iska. Ki naɗe kowane ɗaya daban a farar takarda don kada su goge juna, kada ki ɗaure da roba don tana ƙara masa baƙi, ki kuma nisanta shi da danshi.

In kuwa ta kama a sayar, ko don rabon gado ko don wata lalura, kada ki miƙa wa dillaliya ƙulli guda ki ce ta je ta gani. Ki ware su da kanki, azurfa gefe, sauran gefe, ki rubuta shekara da nauyin kowane. A tambayi farashin giram ɗin azurfa na ranar, don yana hawa yana sauka. A nuna wa mutum biyu ko uku, ko a nan Zariya ko a kasuwar Kurmi ta Kano, a tafi da ɗaya daga cikin magada ya zama shaida. In mai saye ya ɗauko magagari zai kankara don ya ga cikinsa, ki ce a'a, Malam, auna dai ka ji amonsa. In ya ƙi, ki karɓi abinki ki ƙara gaba.

Lokaci ya yi mana halinsa. Wadda duk ta buɗe adaka ta ga wani kuɗin da ba mu ambata ba, musamman riyal ɗin azurfa da alhazan da suka riƙa dawowa da shi daga Makka, ta rubuto mana shekararsa da abin da ke jikinsa, za mu duba shi tare.