Mawus ɗinka ya san bambancin zaɓa da ja?

Daga nan Wudil nake magana, kuma shirin na yau na masu gyaran murya ne a kwamfuta, musamman ɗaliban Jami'ar Aliko Dangote da suka fara podkas a ɗakunansu.

Abu biyu hannu yake yi da mawus in ana gyara sauti. Ko ka zaɓi wani yanki don ka yanke shi, ko ka kama gutsuren murya ka matsar da shi gaba ko baya. Matsalar ita ce duka biyun motsi ɗaya ne, wato ka danna ka ja. To ta yaya manhaja za ta san wanne kake nufi?

A ce ka je Kara ranar Juma'a ka ɗauko hira da dillalin shanu da waya biyu, ɗaya a bakinsa, ɗaya a naka. Ka jera su layi biyu, sun daidaita. Ka zo za ka zaɓi wurin da wani sa ya yi kuka don ka cire, sai hannu ya ture gutsuren da rabin daƙiƙa ba ka lura ba. Shi ke nan, murya ta koma biyu kamar ana magana cikin rijiya, kuma sai ka yi gyara ashirin a kai kafin kunnenka ya kama. A lokacin Ctrl da Z ba za ta cece ka ba sai ka rushe duk aikin da ya biyo baya.

Tsohuwar hanya ita ce sauya kayan aiki. A Audacity, wadda ta fito a shekarar 2000 kuma kyauta ce har yau, da can sai ka danna F5 kafin ka iya matsar da gutsure, ka koma F1 in za ka zaɓa. Aikin yana tafiya, amma dole ka riƙe a ka wane kaya ne a hannunka yanzu, kuma mutum da ƙarfe ɗayan dare ba ya riƙe komai. A 2021, cikin fitowa ta 3.1, suka sa wa kowane gutsure wata 'yar mariƙa a samansa. Ka kama mariƙar, ya motsa. Ka ja a cikin zanen sautin, ka zaɓa. Ka kama gefe, ka rage tsawonsa ba tare da abin da ka ɓoye ya salwanta ba. Pro Tools ta daɗe da irin wannan tunani: rabin sama na zaɓa, rabin ƙasa na kamawa.

Ni dai wannan tsarin na fi so, domin ido yana ganin inda kibiya take kafin yatsa ya danna. Ba sai ka tuna komai ba.

Inda abin ya fi rikitarwa shi ne maɓallin dama. Waɗanda suka koyi aiki da Cool Edit Pro, wadda Adobe ta saya a 2003 ta mayar da ita Audition, sun saba da dama ake jan gutsure. A Reaper kuwa in ka ja da dama, akwati kake zanawa don zaɓar gutsure da yawa. A FL Studio, wadda masu kiɗa a situdiyoyin Kano suka sani sarai, in fensir ne a hannunka ka danna dama a kan gutsure, gogewa ka yi. Yatsa ɗaya, aiki uku. Saboda haka in za ka zauna a kwamfutar abokinka, tambaye shi tukuna, "Malam, dama me take yi a nan?" Ba abin kunya ba ne.

Reaper ta ba ka damar sauya duk wannan a wurin da ta kira Mouse Modifiers, har kana iya ba rabin ƙasan gutsure aikinsa daban. Shawarata, kada ka sauya fiye da abu biyu ko uku. In ka mayar da ita taka kai kaɗai, ranar da aka ɗauke wuta ka koma laftof ɗin wani, za ka zama baƙo.

Ga masu hira da waya biyu a Audacity, ku kunna Sync-Lock kafin ku fara yanka, yadda in an cire wani yanki a layi ɗaya, ɗayan ma zai bi. Sannan ku nemi mawus mai taya ko da mai araha ne, don Ctrl da taya na kusanto da zanen sauti nan take. Shafa yatsa a laftof bai dace da wannan aikin ba, gaskiya.

Ku gaya min wace manhaja kuke amfani da ita, da abin da maɓallin dama yake yi a cikinta. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.