Jawabi A Taron Ƙarshen Wata: Takardar Majiyyaci Amana Ce

 

Dalilin da ya sa na nemi a ba ni dama yau, kwanan baya na aiki yaro ya sayo mini ƙosai a bakin tasha. Ko da na warware ƙunshin, ashe takardar awon jinin wata baiwar Allah ce, ga sunanta, ga unguwarsu, ga ciwon da aka gano. Na je na tambayi mai ƙosan, ta ce ai a kilo take sayen takardun. Wallahi ƙosan nan bai ciwu ba.

To jama'a, wannan abu hukuma ta hana shi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, sashe na 26, ta ce bayanin majiyyaci sirri ne. Ba a fitar da shi sai ya yarda a rubuce, ko kotu ko wata doka ta nema, ko kuwa idan ɓoyewar za ta jefa lafiyar jama'a cikin haɗari. Wata dokar ta 2014 kuma ta hana a tona asirin mai ɗauke da ƙanjamau ba da izininsa ba, ta hana a mai da gwajin sharaɗin ɗaukar aiki. Masu ɗaukar yaran shago, kun dai ji. A 2023 aka ƙaro dokar kare bayanan mutane, har da hukumar da ake kai wa ƙara. Babban kamfanin da ya karya ta, ana iya cin sa tarar da ta kai naira miliyan 10, ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsa na shekara, wanda duk ya fi yawa.

Amma fa mu ma da namu laifin. Mutum ya kwanta a asibiti, sai mu ɗauki hoton takardarsa mu baza a WhatsApp, wai neman taimako. Niyya mai kyau ce, ban musa ba. Sai dai mu baƙi ne a garin nan, kowa ya san kowa, kafin magariba labari ya isa gida Arewa. Ni na san yarinyar da aka fasa aurenta a kan haka, alhali ciwon na mahaifinta ne.

Shawarata, a fara neman izinin maras lafiya ko waliyyinsa. Ma'aji da malami ɗaya su duba takardar su mayar masa, mu kuwa a faɗa mana nawa ake nema kawai. Ina roƙon shugaba a tattauna wannan kafin a tashi.