Abin da Bature ke naɗawa a wuya

Shugaban taro, malamaina, iyayenmu mata, da ɗalibai da suka taso daga Ikara da Maƙarfi da Kudan, ina yi muku barka da zuwa. An ba ni kalma ɗaya tak in yi magana a kanta, ta Ingilishi, wato scarf, sunan ƙyallen nan da Bature ke naɗawa a wuya lokacin sanyi. Wani zai ce wannan ai bai kai a tara jama'a ba. To, a yi mini haƙuri a saurara.

Kalmar tana da fuska uku a bakin masu ita. Ta farko ita ce ta sutura, kuma ta shiga Ingilishi a ƙarni na 16 daga tsohon Faransanci, inda asalinta ke nufin abin da ake ratayawa a kafaɗa ko jakar da matafiyin ibada ke saƙalawa a wuya. Ta biyu ta kafintoci ce, har ma ta girmi ta farko: idan katako ya gaza tsawo, sai a fere bakin guda biyu a karkace, a haɗa su su zama ɗaya, wannan haɗin shi ma sunansa ke nan. Maƙeran jirgin ruwa sun daɗe suna amfani da ita. Ta uku kuwa maganar titi ce ta Amurka, ta baya-bayan nan, ma'anarta lamushe abinci da haɗama. Rubutu ɗaya, furuci ɗaya, amma asali daban-daban. Ɗalibin da aka koya wa cewa ma'anarta gyale ce kawai, ran da ya karanta labarin yaron Amurka da ya yi wannan aiki a kan abincin rana, zai ɗauka yaron ya lulluɓe kwanonsa ne.

Tana da 'yar'uwa, muffler. A Ingila abin naɗa wuya ce, a Amurka kuma ita ce bututun nan na ƙarƙashin mota mai rage ƙara. Mu da muka karɓi Turancinmu daga hannun Ingila, sunan da suke kiran bututun muka ara, shi ya sa kowane bakanike a tashar Hunkuyi salansa yake cewa.

Yanzu mu dawo gida, domin nan ne maganar ta fi nama. Abin da Bature ya tattara a kalma ɗaya, Bahaushe ya rarraba shi gida-gida. Wanda mace ke ɗaurawa a ka shi ne ɗankwali ko kallabi, kakanninmu kuma sukan ce fatala ko adiko. Idan ya yi girma ya tashi sama na biki ne, gwaggwaro ke nan. Wanda ake yafawa a kafaɗa gyale ne, babbansa mayafi. Wanda aka ɗinka aka fitar masa da wurin fuska hijabi ne. A ɓangaren maza akwai hirami da malami ke saɓawa a kafaɗa, akwai rawani, kuma shi kansa rawanin ba iri ɗaya ba ne: harsa fari ne, ɗan Kura baƙi ne mai ƙyallin shuni, sunansa daga garin Kura na ƙasar Kano inda ake rina shi a buga. Har ɓangaren da ke zagaye haɓa ya rufe baki yana da sunansa, amawali.

Ku lura da abin da ya raba waɗannan sunaye. Bature ya dubi sanyi ne da ado. Mu kuwa muna duban wane ne ya sa, a ina ya sa, kuma me yake faɗa wa jama'a. A nan ƙasar Zazzau, idan aka ce an naɗa wane, ba wanda zai tambaya ko sanyi yake ji; sarauta aka ba shi. Idan ka hango kunnuwa biyu a rawani, ka san jinin sarauta ne tun bai buɗe baki ba. Ita ma mace, irin mayafinta da yadda ta yafa shi kan nuna budurwa ce ko matar aure. Shi kuwa ɗan acaɓa da ya fito da asuba a cikin hunturu, ko mai lodin rake a Maƙarfi, da ya naɗe wuyansa da wani ƙyalle, shi ne ya fi kusa da abin da Bature ke nufi, kuma abin dariya, shi ne wanda ba mu damu mu raɗa wa abinsa suna na musamman ba.

Kada a ɗauka wannan wasan malamai ne. A 2004 Faransa ta kafa dokar hana sa alamomin addini na fili a makarantun gwamnati, jaridun Ingilishi kuma suka riƙa kiran abin da 'yan mata Musulmi ke sawa da kalmar scarf an haɗa ta da kalmarsu mai nufin kai. Mai fassara labarin a gidan rediyo dole ya zaɓa: kallabi zai ce ko hijabi? Idan ya ce kallabi, mai sauraro a Ikara zai ji kamar rigimar kwalliya ce. Haka aka sake fuskanta a watan Yunin 2022, lokacin da Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta tabbatar wa ɗalibai mata 'yancin sa hijabi a makarantun gwamnatin jihar Legas.

Magabata sun yi nasu ƙoƙarin a fagen ƙamus. Bargery ya fitar da ƙamusunsa a 1934, Abraham a 1949, Roxana Ma Newman ta kawo na Ingilishi zuwa Hausa a 1990, Jami'ar Bayero kuma ta ba mu na Hausa zalla a 2006. Amma ƙamus jera ma'anoni yake yi, jimla ce ke zaɓar wadda ta dace, kuma a ganina nan ne koyarwarmu ta fi rauni. Muna sa yara haddar kalma da ma'anarta ɗaya, su ci jarrabawa, su kasa karatu.

Roƙona ga malaman Ingilishi da na Hausa da ke wannan zaure guda biyu ne. Kada ku rubuta kalma a allo sai da jimlarta. Sannan ku tura ɗalibanku wurin kakanninsu mata da masu sayar da yadi a kasuwa, su rubuto sunayen kowane abin ɗauri da abin yafawa da ake faɗa a ƙauyukansu, su kawo aji.