Kafar iska ba ƙofar ɓarawo ba ce: jawabi ga iyalai kan zaman ɗaki da damina



A zagayen da muka yi cikin unguwannin Minawao, mun tarar da ɗakuna da yawa an toshe duk wata kafa da tsumma da leda. Da muka tambaya, amsar mata kusan ɗaya ce: tsoron ɓarawo da mai leƙe cikin dare. Wannan tsoro yana da dalili, kuma ba za mu ce kowa ya kwana ƙofa a buɗe ba.

Amma ku duba tamfol ɗin rufinku da asuba. Ɗigon da ke zubo muku ba kullum ne ruwan sama ba. Numfashinmu ne da tururin tukunya suka rasa hanyar fita. Shi ke sa tabarma ta yi funfuna, yara su kwana suna tari, itacen da aka ajiye ya ƙi bushewa. Itace mai laima kuwa hayaƙinsa ya fi wutarsa, ana cin dami biyu a aikin ɗaya, sai 'ya'yanmu mata su sake shiga daji. A can ne ake samun labaran da ke kawo iyaye ofishinmu suna kuka.

Iska mai zafi sama take yi, don haka kafa biyu ɗaki ke bukata. Ɗaya a ƙasa, ta kudu ko yamma, inda iskar damina ke shigowa. Ɗayar a bangon da ke fuskantarta, can ƙarƙashin rufi, sama da kan mutum. Faɗin tafin hannu ya isa, ko kan yaro ba zai shiga ba. Ku rufe su da ragar tsohon gidan sauro. Gabas dai a bar ta, daga nan hadari ke tasowa da ƙarfi.

Masu fanka ta sola, idan iska na ratsa ɗaki ba sai ta kwana tana juyi ba, batir zai rage muku na fitila da cajin waya.

Gawayi kuma, don Allah kada a kwana da shi yana ci a rufaffen ɗaki. Gubarsa ba ta da wari, tana kashe mutum cikin barci.

Matar da ke zaune ita kaɗai da yara, ko wadda ƙofarta ba ta da sakata, ta faɗa wa shugaban unguwa ko ta same mu a ofishin kariya. Maganar za ta tsaya tsakaninmu.